Yadda Na Miƙe Bututun Birkin Baba

Ba zan taɓa mantawa ba, wallahi, da ranar da na kai Innarmu Kebbe a motar Baba. Ko da na so in manta, akwai mata wajen ashirin a can Kebbe da suka ɗauki nauyin tuna mini har ƙarshen rayuwata. Gara in ba da labarin da bakina, domin yadda taubasaina suke ba da shi a wajen biki, kullum sai an ƙara masa gishiri, kuma ni ne dai nake shan kunyar.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Tambuwal, kuma ni ne auta a ɗakinmu. (Ka riƙe waɗannan biyun, su suka kai ni suka baro: malamin lissafi yana ganin ya fi kowa sani, auta kuma ba a saba ce masa a'a ba.) Babanmu, Allah ya jiƙansa, direba ne. Wata tsohuwar a-kori-kura gare shi, da ita ya yi ta jigilar gero da dawa da awaki tsakanin Tambuwal da Kebbe da kasuwannin ƙauye har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya rasu aka tura ta gindin dogon yaro a ƙofar gida. Da aka zo rabon gado kowa ya kau da kai daga gare ta. Ta yi shekaru a nan, tayoyi suka sace, kaji suka mai da ita ɗakin ƙwai.

Wata rana aka kashe maciji a ƙarƙashinta. Yaya Sahabi, babban wanmu mai sayar da hatsi, ya ce shi ke nan, magana ta ƙare, zai kira 'yan gwangwan su yanka ta su auna. Ni kuwa jin kalmar "yanka" sai na ji kamar Baban ne za a sake ɗauka a fita da shi. Na ce ba ta saɓuwa. Ya ce to in shiga in tayar da ita ya gani. Muka yi ta yi a tsakar gida har murya ta fara tashi. Inna tana zaune tana tsince wake, ba ta ko ɗago kai ba, sai da muka gaji don kanmu.

Sannan ta ce, "Kawunku Bello za shi Makka bana. In ya dawo zan tafi Kebbe in yi mishi barka da sauka. In wagga mota ta kai ni ta maido ni, a bar ta. In ta kasa, Sahabi, yi yadda kaka so."

Yaya Sahabi ya yi dariya ya ce ya yarda. Ni ma na ce na yarda, har da buga ƙirji. Wata huɗu ke gare ni.

Na je na samo Malam Altine, tsohon bakanike, aminin Baba. Mutum ne mai sanyin magana, kafin ya ɗaure noti ɗaya sai ya tsaya ya dube shi kamar yana jiran izini. Kullum na taso daga makaranta sai in cire rigar aiki in shiga ƙarƙashin mota tare da shi. Aka sauke inji, aka wanke tanki, aka samo tayoyi. Ni kuma na shiga kallon bidiyon gyaran mota a waya, ba dare ba rana, har na fara gyara wa Malam Altine sunayen kayan da ya yi shekara arba'in yana riƙewa. Ya ce abu, in ce a'a, asalin sunansa kaza ne. Sai ya ce, "To, Malam," ya ci gaba da aikinsa. (Yanzu in na tuna wannan "To, Malam" ɗin, sai in ji kamar in tona rami in shige.)

Ranar da injin ya tashi, Inna ta fito har zaure ta tsaya tana saurare. Sannan ta koma ciki. Ni dai na san na ga ta goge ido da gefen mayafi.

Saura birki. Ga wanda bai sani ba, akwai wani siririn bututun ƙarfe, bai kai kaurin fensir ba, da yake ɗauko man birki daga gaban mota ya kai shi tayoyin baya. In ya huje man ya tsiyaye, ka taka birki sai ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa kawai. Namu ya yi tsatsa ya ruɓe, dole a sa sabo. Amma da na kwanta na bi shi da ido, sai raina ya ɓaci. Maimakon ya miƙe daga gaba zuwa baya, sai ya hau saman ƙarfen sasi, wato babban ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai, ya bi ta can wani lungu inda hannu ba ya shiga sai da ƙyar, ya lanƙwasa, ya zagaya, ya sake lanƙwasawa, sannan ya sauko. Na ƙirga gwiwa bakwai. A bidiyon da na kalla kuwa, bututun a miƙe yake sambal ta ƙarƙashi.

Malam Altine ya ce, "Sabon ma haka za mu lanƙwasa shi, gwiwa da gwiwa, yadda munka ishe shi."

Na ce, "Don me?"

Ya ce, "Ni dai ba ni niy yi shi ba, lokacin ina kudu wajen aiki. Amma Umaru bai aikin banza." (Umaru shi ne Baba.)

Wannan amsa ta ƙona mini rai. "Haka muka tarar" ita ce maganar da nake yaƙi da ita kullum a aji. Na ɗauki tsinke na zana masa a ƙasa: ga gaba, ga baya, hanya mafi kusa tsakaninsu ita ce miƙaƙƙen layi, ɗan aji ɗaya ma ya san wannan. Na ce Baba dai aikin gaggawa ya yi, wataƙila bututun da ya samu ya yi masa tsawo ne ya rasa yadda zai yi da shi. Na ciro waya na nuna masa Baturen da ke cikin bidiyon yana ɗaura nasa.

Malam Altine ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa ya kalla har ƙarshe. Ya miƙo mini ya ce, "Wanga Bature, ya taɓa zuwa Kebbe?"

Na yi dariya. Na ɗauka ba'a ce irin ta tsofaffi.

Allah da ikonsa, a makon aka yi masa rasuwa a Sanyinna, ya tafi ta'aziyya kwana uku. Na ga dama ta samu. Na sayo bututu, na auna da rula, na yanke, na kai tasha aka buɗe masa baki. Na kwance na Baba na wurgar a bola bayan gida. Na shimfiɗa nawa ta ƙarƙashin sasi, a miƙe tamkar an ja zare, na ɗaure da waya. Na kira abokin aikina, malamin tarihi, wanda duk abin da ya sani a mota shi ne hon, ya zauna yana taka birki ina ƙasa ina fitar da iska. Muka gama, na taka, birki ya kama cak. Malamin tarihi ya leƙa ya ce aikin ya yi tsabta, in bar koyarwa kawai in buɗe gareji. Na ji daɗin maganar nan har cikin ƙashina.

Da Malam Altine ya dawo, na ɗauke shi muka zaga gari, ina ta taka birki ba dalili don ya ji. Ya ce, "Wagga kwalta ce, Malam." Da muka tsaya ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce in kawo ta ran Asabar ya mai da bututun inda yake, kuma kada in ɗauki kowa kafin nan. Ya ƙara da cewa wayar birkin hannu da ya aika a sayo a Sakkwato ba ta iso ba tukuna. Na ce, "To."

A nan ne laifina na gaske yake, ba zan ɓoye ba. Kawu ya riga ya sauka, kuma ran Alhamis Inna ta sa za mu tafi. Na sani, na yi shiru. So nake in je in dawo in ce masa, ga shi nan, layin da ka raina ya kai Kebbe.

Ran Alhamis da hantsi na saka shaddata ruwan toka, wadda nake ajiye wa Sallah. Aka ɗaure rago a baya, gaisuwar Inna ga yayanta. Inna ta shiga gaba ta zauna inda take zama a zamanin Baba. Ta shafa gaban motar da tafin hannu, ta ce, "Har ƙamshin nan nata shina nan." (Warin fetur ne da kashin kaji, amma ban musa ba.) Yaya Sahabi ya ce zai biyo mu a babur, wai don ya ɗauki Inna in motar ta mace a hanya. Na ce ya dai yi ƙoƙari kada mu ɓace masa.

Muddin muna kan kwalta, ni sarki ne. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a taga. Sai muka sauka kan hanyar ƙasa. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, manyan motoci sun bi sun haƙa rami biyu, sun bar doro a tsakiya, ya bushe ya yi tauri. Tayoyi suka faɗa ramukan, cikin motar ya hau doron. Ƙurrr! Na ji har a haƙorana.

Inna ta ce, "Ka ji ta taɓa ƙasa?"

Na ce, "Salansa ce, Inna, ba komi."

Ta dube ni ta gefen ido, ta ci gaba da jan carbi. Aka jima, ƙurrr. Aka sake jimawa, ƙurrr. Can gaba muka iske Fulani suna tsallakar da shanu. Na taka birki, sai na ji ya yi laushi, sai da na taka sau biyu ya kama. Ka san me na gaya wa kaina? Wai sabon birki ne, bai gama zama ba. Ban san inda na samo wannan ilimin ba, ko a bidiyon babu shi.

Daga nan Yaya Sahabi ya fara danna hon a bayanmu yana ɗaga hannu. Na leƙa madubi na gan shi yana nuna ƙasa. Na ce a raina, ai ga shi, baƙin ciki ya motsa, ya ga mota tana tafiya. Na fito da hannu ta taga na yi masa alamar sai mun haɗu, na ƙara wuta. Ramuka suka rage masa gudu, na bar shi a baya. Hanyar ba ta barin ka gudu balle ka nemi birki, a giya ta biyu muka yi ta rarrafe har muka shiga Kebbe. Wajen shiga unguwar su Kawu akwai wani ɗan kwari da ruwa ya yanka. Da muka faɗa shi na ji wani ƙas! daban da na baya. Na ce dutse ne.

Gidan Kawu yana ƙasan wata 'yar gangara. Tun daga sama na hango ƙofar gida cike: an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun jeru, Kawu a tsakiya cikin fararen kaya da hirami a kafaɗa, ana zagayawa da dabino da zamzam. Na gyara hula. Na danna hon sau uku, gajere biyu dogo ɗaya, yadda Baba yake yi. Na ga Kawu ya ɗago kai da sauri, ya dafa ƙasa ya miƙe, ya sa hannu a goshi. Ya gane ta. Mutane suka miƙe tare da shi. Wani ya ce, "Motar Umaru ce!" Wallahi a wannan lokacin ƙirjina ya cika, har ƙwalla ta taru mini.

Na saita ta daidai bakin rumfa, na taka kuloci, na taka birki. Ƙafata ta tafi har ƙasa. Na ɗago na sake takawa. Ƙasa. Na sake. Babu komai a wurin, kamar na taka soso.

Ba gudu muke yi ba, kada ka zaci wani abin tashin hankali irin na fim. Tafiya muke yi a hankali, irin ta mai rakiyar baƙo, sai dai ba ta da niyyar tsayawa. Muka zo daidai rumfa. Kawu ya buɗe hannuwa yana murmushi. Ni kuma, don tsabar ruɗewa, na leƙo ta taga na ce, "Assalamu alaikum!" Suka amsa gaba ɗaya, "Wa alaikumus…" suna juya wuya suna bin mu da ido, domin mun riga mun wuce. Na fizgo birkin hannu, ya taso mini fayau, babu abin da ya riƙe. A dama akwai rijiya. A hagu mutane. A gaba kuwa dangar kara ce, wadda ta kare cikin gida.

Sai na ji muryar Inna, a natse, kamar tana aike na kasuwa: "Ɗauke ƙafarka ta hagu. Kashe ta."

Ashe tun ɗazu na danne kuloci na ƙi saki, na bar mota tana gangara yadda ta ga dama. Na ɗage ƙafa na murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta zabura, ta sake zabura, ta jingina da dangar. Dangar ta yi ɗan tunani, sannan ta kwanta gaba ɗayanta. Muka hau kanta muka tsaya.

Na ɗago kai. Ina tsakiyar matan gidan Kawu da na maƙwabta, ana girkin baƙi. Tsakanin hancin motar da babbar tukunyar miya bai fi taku ɗaya ba. Salati ya tashi ta ko'ina. Masu neman mayafi suna yi, wata ta rufe kai da faifai, wata ta shige bayan turmi. Ragon ya tsinke igiya ya dira ya bi ta cikin kwanukan tuwo. Ni kuwa ina riƙe da sitiyari da hannu biyu, hula ta karkace, na kasa ko ƙifta ido.

Mutum ɗaya ce ba ta gudu ba: Hajo, 'yar Kawu ta fari, taubashiyata, wadda tun muna yara ba ta taɓa raga mini ba. Ta tako da muciya a hannu ta leƙo ta taga.

"Lale marhabin da Malam! Sannu da hanya. Mu nan garin maza daga zaure suka sallama, ashe ku 'yan boko har madafa kuka shigowa da mota? Yunwa ce halan? Ku zubo mishi, kada shi hau tukunya."

Matan da suka ɓuya suka fara leƙowa, dariya ta ɓarke. Inna ta buɗe ƙofa, ta sauko kan dangar da ke kwance, ta gyara mayafi, ta ce, "Sannunku da aiki," ta wuce ɗakin matar Kawu ko waiwaye babu.

Da haka aka tsaya, da na ce na sha da sauƙi. Maza suka zo aka tura motar baya zuwa ƙofar gida. Yaya Sahabi ya iso jikinsa duk laka, ya ce tun wajen shanun nan yake ganin mai yana ɗiga a bayanmu, yana kira ina ɗaga masa hannu. Ya cire riga ya shiga ƙarƙashi. Ya daɗe ƙwarai, har na fara tunanin ko ya yi barci. Ya fito da guntun bututuna, ya goge ya baje, ya tsage a tsakiya.

Kawu ya karɓa ya juya shi. Ya ce, "Wanga a ƙasa anka bi da shi? Ina wanda Umaru ya lanƙwasa?"

Na ce, murya can ciki, "Ya ruɓe, Kawu. Na… gyara hanyar."

"Ka gyara." Ya dubi dattawan da ke kewaye. "Ya gyara."

Sai ya ba da labarin, a gaban kowa. Ya ce da can bututun a miƙe yake ta ƙasa, kamar yadda na yi. Wata damina Baba ya ɗauko Inna za su zo nan, doron hanya ya yanke shi, motar ta ƙwace ta faɗa daji, Allah ya sa geza ta tare ta. Inna ta ƙarasa Kebbe da ƙafa, da tsohon ciki. Baba ya yi rantsuwa ƙasa ba za ta sake taɓa bututun nan ba. Kwana biyu ya yi a wannan ƙofar gidan yana lanƙwasa sabo a jikin taɓarya, Inna tana riƙe masa, don ya bi da shi ta saman ƙarfe inda doro ba ya kaiwa.

Kawu ya nuna ni da guntun bututun ya ce, "Kuma kai ne cikin."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Na so a ce sun yi.

Sauran yinin na yi shi ne ina kafa danga, cikin shaddar Sallah, Hajo da ƙannenta sun jeru suna duba aiki. "Malam, ta miƙe kuwa? Ko a aiko da rula?" Na sha miya a tsaye, ban san ɗanɗanonta ba. Yaya Sahabi ya naɗe bakin bututun da ya tsage ya matse da filaya, ya sayo mai ya zuba, birkin gaba ya dawo. Da la'asar shi ya ja motar a hankali da Inna a gefensa. Ni aka ba ni babur in biyo baya.

Washegari da safe na shiga gaida Inna, na iske Yaya Sahabi a zaune. Ban jira an fara ba. Na ce, "Yaya, alkawari alkawari ne, ka kira 'yan gwangwan." Na juya wajen Inna na ce ta yafe mini, Malam Altine ya hana ni ɗaukar kowa, na ɓoye, na ɗauke ta a mota ba birki don kawai a ce na iya. Da rijiyar nan muka nufa fa? Haka na yi ta roƙo kamar yaro, ni da gemuna da 'ya'yana uku.

Inna ta ce, "Na yafe. Amma mota ba ta yi laifi ba. Cewa niy yi ta kai ni Kebbe ta maido ni. Ta kai ni har cikin gida, ko zaure ban taka ba. Ta kuma maido ni. In akwai na sayarwa, direba ne."

Na dubi Yaya Sahabi, don shi ke da ta cewa. Ya murza hularsa. Can ya ce da ya shiga ƙarƙashi jiya, ya kai hannu saman sasi, sai ya taɓa wasu ƙusoshi. Baba ya lanƙwasa su ya yi maratayi, kowacce ya naɗe ta da robar tayar keke don kada bututun ya gogu. Suna nan a jere har baya, babu wadda ta faɗi. Ya ce ya kwanta yana shafa su, ya kasa fitowa.

"Ba ni sayar da ita," in ji shi. "Amma makulli wurina zai zauna."

Ban yi gardama ba. Da wane bakin?

Ran Asabar Malam Altine ya zo. Na fara kame-kamen yadda za mu gane hanyar tunda na yar da tsohon bututun, sai ya kwance wani buhu ya zaro shi, da tsatsarsa da gwiwoyinsa bakwai. Ya ce ya tsince shi a bola tun ranar da ya dawo, ya san za a neme shi. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Inna ta sa aka fito mata da kujera tsakar gida. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wata tsohuwar taɓarya da ta tsage a kai, wadda na sha gani a bayan gadonta ban taɓa tambayar amfaninta ba. Ta zauna ta kafa ta tsakanin gwiwoyinta ta riƙe da hannu biyu. Na durƙusa a gabanta da sabon bututu, tsohon yana shimfiɗe a gefe ina kwaikwaya. Na farko na matsa da ƙarfi ya karye. Ta ce ba komai, Baba ma sai da ya ɓata biyu. A hankali ake bi, ana jan shi a jikin icen kaɗan kaɗan.

Muna cikin gwiwa ta huɗu na ce, "Inna, ashe duk kin san wannan."

Ta ce, "Wata huɗu kana wucewa ta ƙofar ɗakina da baƙin mai a hannu. Shekara ashirin da wani abu nika zama gaban motag ga. Ko sau ɗaya ba ka tsaya ka ce, Inna, mi kika sani ba."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da lanƙwasa.

Motar tana nan, tana zuwa Kebbe tana dawowa, Yaya Sahabi a sitiyari, Inna a gefensa, ni a baya tare da buhuna in an ga dama an ɗauke ni. Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da tsada: in ka iske abu a karkace a gidanku, kafin ka ɗauko guduma, leƙa ɗaki ka tambayi tsohuwar da ke zaune a ciki. Akwai wata ƙofar langa-langa a bayan gidanmu da aka kafa ta a kaikaice, shekara da shekaru tana ba ni haushi. Makon jiya na je na tambayi Inna dalili. Ta ce wannan kam babu wani dalili, kafintan ne bai iya aiki ba. Duk da haka ban taɓa ta ba.